Ciyarwar yara ba kayan ciniki ba ce a wajen sulhun saki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni tsohon magatakardan kotun Musulunci ne, na yi aiki a kotunan birni da na karkara a jihar Kano har na ajiye aiki. Takardun sulhu tsakanin ma'auratan da suka rabu sun bi ta hannuna da yawa. Abin da na lura da shi shi ne, mutum biyu ne suke zama su yi ciniki su sa hannu, alhali rabin abin da ake cinikin a kansa na yara ne, waɗanda ba sa wurin, in ma suna wurin ba mai tambayarsu. Idan kuma ƙarya ta shiga lissafin, daga abincinsu da karatunsu ake cire kuɗinta.

Ƙaryar da ta fi yawa ita ce ɓoye dukiya. Bari in ba da labarin guda ɗaya, ba tare da suna ko unguwa ba. Mutumin mai sayar da hatsi ne, ya saki matarsa da 'ya'ya uku: yarinya mai shekara 11, yaro mai shekara 7, da na goye. Ranar zama ya shigo da koɗaɗɗiyar riga da silifa. Alƙali ya tambaye shi sana'arsa, sai ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ni yaron shago ne. Rumfar ta yayana ce, abin da ya miƙo mini da yamma shi nake kai wa gida.” Yayan ya miƙe ya gaskata shi. Matar tana durƙushe da jaririn a baya, muryarta na rawa, ta ce, “Allah ya gafarta Malam, wallahi rumfar tasa ce. Har kuɗin gadona na ba shi ya ƙara jari.” Aka ce ta kawo shaida. Waɗanda suka san gaskiya maƙwabtansa ne na kasuwa, kuma ba wanda zai ɓata da abokin ciniki saboda bazawara.

Aka ba su dama su fita su sasanta. A gindin darbejiyar da ke harabar kotu kawunta ya ce mata, “Ke 'yar nan, karɓi abin da ya samu ki bar wa Allah. Tone-tone ba na 'ya mace ba ne, kin ga kina da sauran aure a gaba.” Suka dawo da magana ɗaya: naira dubu 15 a wata ga yara uku, ta yafe ciyarwar idda, ta yafe ta watannin baya, kuma ba za ta sake kawo ƙara a kan maganar ba. Ta dangwala yatsa. Kafin watanni su yi nisa mutumin ya yi sabon aure da lefe na gani na faɗa, da azumi ya kama ya tafi Umara. Da ta dawo kotu, tun a bakin ƙofa aka tare ta da cewa ai ta riga ta sa hannu. A lokacin babbar yarinyar ta bar makaranta, tana tallan awara a tasha.

Edita, cewa sa hannu ya rufe ƙofa ko da an gano ƙarya magana ce da ba ta da tushe a addininmu. Ummu Salama ta ruwaito, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim, cewa Manzon Allah (SAW) ya ce shi mutum ne, ana kawo masa husuma, wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja sai ya yi masa hukunci bisa abin da ya ji. To duk wanda aka yanke masa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa, yanki ne na wuta aka yanko masa. Hukuncin alƙali ke nan, bai halatta wa maƙaryaci abin da ya ci ba, balle takardar da aka rubuta a gindin bishiya. Hadisin da ya halatta sulhu tsakanin Musulmi shi ma ya yi togaciya: ban da sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal. Sannan a wasiƙar da Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari a kan alƙalanci, wadda duk ɗalibin shari'a ya karanta, ya ce masa kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana gare shi, domin komawa ga gaskiya ya fi zarcewa a kan ɓata. To me ya sa a wurinmu mace za ta zo da hujjar an yaudare ta, a kore ta tun kafin ta ga alƙali?

Har waɗanda ba su da wannan gado namu sun kai ga wannan matsaya. A Ingila akwai wani lauya, Bhadresh Gohil, wanda 'yan Najeriya suka sani saboda shi ne lauyan tsohon gwamnan Delta, James Ibori. A shekarar 2004 ya yi sulhu da matarsa bayan rabuwa, ta karɓi fam 270,000 da mota, bisa cewa abin da yake da shi bai taka kara ya karya ba. A 2010 kotu ta same shi da laifin halatta kuɗin haram, aka ɗaure shi shekara 10, kuma a wannan shari'ar ce dukiyar da ya ɓoye ta fito fili. A watan Oktoba na 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba matar gaskiya, ta ce a warware tsohon sulhun. A rana ɗaya kotun ta yanke wata shari'ar mai kama da ita, inda ta ce in an tabbatar miji ya yi ƙarya a kan dukiyarsa, shi ne zai nuna cewa ƙaryar ba ta sauya komai ba, ba matar za a ɗora wa wannan wahala ba. Shekara 11 tsakanin sa hannu da warware shi. Matanmu ba su da kuɗin lauya na shekara 11, kuma yaron da aka yaye ranar sulhu ba zai jira haka ba. Shi ya sa gyaran ya kamata ya kasance tun ranar farko.

Gyara na farko shi ne a gane haƙƙin waye ake magana a kai. Sadaki na mace ne, ciyarwar idda tata ce, kayan ɗakinta nata ne, bashin da take bin mijin nata ne. In ta ga dama, cikin hankalinta ba tare da tilas ba, ta yafe duka. Amma ci da sha da sutura da magani da wurin kwanan yaro nasa ne, Allah ya ɗora su a wuyan uba. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan wanda aka haifa wa ɗan, ta kuma ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada a cutar da uba saboda ɗansa. Aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ba da ma'auni: mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Tunda ma'aunin shi ne samun uba, wanda ya ɓoye samunsa ya tauye mudun da ake auna wa 'ya'yansa abinci da shi. Lokacin da Hindu 'yar Utba ta kai kukan rowar Abu Sufyan, Manzon Allah (SAW) bai ce ta je ta yi haƙuri ba. Cewa ya yi ta ɗebi abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. A mazhabarmu ta Malikiyya ciyarwar ɗa namiji tana kan uba har ya balaga yana iya nema, ta 'ya mace kuwa har ta yi aure ta tare. Wannan yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da ake karantawa a zaurukanmu dare da rana.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne wajen khul'i. Mace ta gaji da duka ko yunwa, ta ce a raba. Mijin ya ce shi yana son matarsa, in tana son fita ta fanshi kanta. Asalin khul'i sananne ne: matar Sabit bin Ƙais ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki, ya rabu da ita. Amma yanzu sai ka ji ana lissafo kuɗin lefe, kuɗin gaisuwar iyaye, kuɗin ɗinki, har da abincin biki. Da aka ga ba ta da su, sai a ce to ta ɗauki nauyin yaran baki ɗaya, a tashi. Ita kuma a wannan lokacin ko me aka ce za ta amsa, don ta tsira da ranta.

Gaskiya ne malamanmu sun yarda mace ta ɗauki nauyin cikin da take ɗauke da shi da na shayarwa a madadin khul'i, sun kuma yi saɓani a kan abin da ya wuce yaye. Sai dai akwai abu biyu da ba a cika gaya wa mata ba. Na ɗaya, in ta ɗauki nauyin sannan ta kasa saboda talauci, uban ne zai ciyar, ya bi ta bashi in ta samu. Ba a barin yaro da yunwa don an rubuta takarda. Na biyu, Risala ta faɗa ƙarara cewa in mace ta fanshi kanta saboda cutarwar da ake yi mata, za a mayar mata da abin da ta bayar, kuma sakin ya tabbata. Aya ta 19 ta Suratun Nisa'i ta hana a ƙuntata wa mace don a karɓe wani abu daga abin da aka ba ta. Mutumin da ya hana abinci da gangan har matarsa ta nemi khul'i, sannan ya fita da sadakinsa a aljihu kuma babu nauyin yara a kansa, zamba ya yi, ko da an buga wa takardarsa hatimi.

Ba zan yi wa maza rashin adalci ba, domin ƙarya ba ta ɓangare ɗaya ba ce. Na ga inda yayan matar ya kawo rasit na makarantar kuɗi mai tsada, alhali yaran suna firamaren gwamnati. Na ga wadda ta yi aure a wani gari aka ɓoye, don kada maganar riƙo ta taso. Akwai masu ƙara kuɗin asibiti, akwai masu da'awar kayan ɗakin da ba a taɓa shiga da su gidan ba, akwai wadda kuɗin yara ke tafiya adashi da anko. Waɗannan duk zalunci ne, kuma shaidar zur tana cikin manyan zunubai, Manzon Allah (SAW) yana kishingiɗe ya tashi zaune yana ta maimaita ta. Amma a duba abin da uba yake yi in ya gano. A shari'ar rasit ɗin nan, mutumin ya rantse ba zai ƙara ba da ko kwabo ba sai an gama shari'a. Aka yi ta ɗage zama: yau lauya bai zo ba, gobe shaida ya yi tafiya, jibi alƙali yana taro. Yaran da ba su san an rubuta wani rasit ba suka shiga damina ba takalmi, ƙaramin ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro, kakarsu ta sayar da akuyarta ta sayi magani. Kawunsu ne ya yi ƙarya, su aka hora.

Saboda haka roƙona ga alƙalanmu, kuma na san da yawansu masu tsoron Allah ne da aiki ya yi wa yawa, shi ne su raba maganar gida biyu tun zaman farko. Zargin zamba tsakanin manya ya bi hanyarsa, a kawo shaidu, a yi rantsuwa, ya ɗauki lokacin da zai ɗauka. Amma a wannan rana ta farko a yanka wa yara ciyarwar wucin gadi wadda ba ta tsayawa don ana shari'a ko an ɗaukaka ƙara. In an gama aka ga an zalunci uba, a daidaita lissafi tsakaninsa da uwar. In uban yana tsoron kuɗinsa ba sa kai wa ga yaran, hanya a buɗe take: ya biya makaranta kai tsaye ya karɓi rasit, ya auno hatsi ya aika, sauran ya tura ta banki inda kowa zai ga rana da adadi. Wannan ya fi kare shi a kan miƙa kuɗi a hannun ɗan aike, wata uku a zo ana musu.

Game da mai cewa ba shi da komai, littattafanmu ba su bar alƙali a duhu ba. Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wadda ba ka rasa ta a teburin alƙali a ƙasar nan, ta ce ana ɗaukar mutane a kan suna da hali, wanda ya yi da'awar babu shi zai tabbatar. Hadisi kuma ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne. Amma a aikace sai a juya abin: matar da ba a taɓa gaya mata nawa mijinta yake samu ba, wadda ko ƙofar rumfarsa ba ta sani ba, ita ake cewa ta kawo hujjar dukiyarsa. A da wataƙila akwai uzuri, dukiya tana cikin rumbu da garke. Yanzu kuwa ma'aikaci yana da takardar albashi. Tun 2014 aka shigo da lambar BVN wadda ta haɗa asusun mutum na bankuna daban-daban. Mota tana da takardu, fili yana da takardu, kamfani yana da rajista, rumfar kasuwa tana da wanda ke biyan kuɗinta da shugaban layin da ya san mai ita. Kotu tana da ikon aika sammaci a kawo takarda ko a zo a ba da shaida. Mutumin da ya ce shi yaron shago ne, a tambaye shi da kuɗin wa ya biya kujerar Umara. Wanda ya mayar da gida ko mota sunan ƙaninsa ana saura kwanaki a shiga kotu, a tambayi ƙanin nawa ya saya, a ina ya samu, wa ya shaida. Ramin ƙarya ƙurarre ne, matuƙar an yi niyyar bin sa. Kuma in an kama mutum ya yi rantsuwar ƙarya ko ya kawo shaidar zur, kada a tsaya a gyara lissafi kawai. Dokokin hukunta laifuka na jihohinmu sun ɗauki wannan a matsayin laifi, amma da wuya ka ji an gurfanar da wani a kansa a shari'ar aure, shi ya sa ba mai jin tsoro.

Akwai kuma wata cuta da ba sai an yi ƙarya ba, ita ce adadin da aka yanka a bar shi a daskare. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya tashi daga naira 18,000 zuwa 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a 2024. An cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san abin da ya faru da farashin kwanon masara da na shinkafa bayan nan. Amma akwai yaran da har yau ake ba su abin da aka rubuta shekara shida ko bakwai da suka wuce, lokacin ma suna goye, yanzu kuwa suna firamare. Kowace takardar ciyarwa ya kamata ta ɗauki ranar da za a dawo a sake dubawa, ko shekara-shekara. Wannan kariya ce ga uba ma, domin wanda jarinsa ya karye da gaske yana da haƙƙin a rage masa.

Da zarar uwa ta nemi ƙari, amsar da take samu guda ce, kuma duk bazawara ta san ta: “In ba za ki iya ba, ki kawo mini 'ya'yana.” Da wannan kalma ake rufe bakin mata da yawa, don sun san inda yaran za su faɗa: hannun matar uba da ba ta nemi riƙonsu ba, ko wajen wata gwaggo a ƙauye, ko a haɗa yaron da allo da ƙoƙo a tura shi wani gari. Al'ada ta ce ɗa na uba ne, da an yaye a karɓe. Shari'a ba haka ta ce ba. Wata mata ta zo wa Manzon Allah (SAW) ta ce cikinta ne ya ɗauki ɗan, nononta ya sha, cinyarta ce makwancinsa, ga shi ubansa ya sake ta yana son ya ƙwace shi. Ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. A Malikiyya riƙon namiji yana hannun uwa har ya balaga, na mace har ta tare a gidan miji. In uwar ta yi aure, riƙon yana komawa ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta, kafin a zo kan dangin uba. A duk inda yaron yake, ciyarwa tana bin sa daga aljihun uba. Ba zaɓi aka ba shi tsakanin ya biya ko ya karɓe ba.

Ta fuskar doka ma ba a rasa madogara ba. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha hurumi a kan aure da rabuwarsa da kula da ƙananan yara. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta buɗe da cewa maslahar yaro ita ce gaba a duk abin da ya shafe shi, kuma sashe na 14 ya ce yaro yana da haƙƙin iyayensa su ciyar da shi gwargwadon halinsu, har yana iya neman wannan haƙƙi a kotu. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2018, Kano ta sa hannu a tata a 2023. Masu auren rajista kuma suna da dokar tarayya ta 1970, wadda ita ma ta sa maslahar yara a gaba wajen riƙo. Abin da ya rage shi ne mutumin da zai tsaya a madadin yaron a lokacin da ake rubuta takarda. Yawancin sulhu ma ba a kotu ake yin sa ba: a zauren mai unguwa ne, ko ofishin Hisba, ko ɗakin baban yarinya. Ina roƙon duk mai jagorantar irin wannan zama ya ƙi sa hannu a takardar da ba ta faɗi sunan kowane yaro da shekarunsa ba, da wanda zai riƙe shi, da abin da za a ba shi, da wanda zai biya makaranta da asibiti. In ya ji an ce uwa ta yafe ciyarwar yara, ya tsaya ya tambaya: to wa zai ciyar da su, da me?

Tun a 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya kawo maganar a rubuta dokar iyali bisa fiƙihun Malikiyya, aka yi ta ce-ce-ku-ce, mafi yawa a kan ƙarin aure, maganar yara ta nutse a cikin hayaniyar. Ina ganin lokaci ya yi da majalisun jihohinmu za su dawo da ita, ko da ɓangaren ciyarwa kaɗai. Ba abin kunya ba ne mu duba 'yan'uwanmu Malikawa. A Maroko, dokar iyali ta 2004 ta ce kafin kotu ta ba miji izinin saki sai ya ajiye a kotu kuɗin haƙƙoƙin matar da na yara cikin kwana 30. Tunisiya tun 1993 ta kafa asusun da ke biyan uwa in uba ya ƙi biya, sannan hukuma ta bi shi ta karɓa. Masar ta yi irinsa a 2004. Gwamnatin Kano tun 2012 take kashe kuɗi wajen aurar da zawarawa, kuma aikin alheri ne. Amma bazawarar da aka aurar ta bar 'ya'ya a wani wuri, ko ta tafi da su a matsayin agola gidan da ba dole ne a ciyar da su ba. Hukumar da za ta iya sayen gado da katifa ga ɗaruruwan amare za ta iya ɗaukar ma'aikatan da aikinsu kawai bin kuɗin ciyarwa, da yin tsarin da za a riƙa cire shi daga albashin ma'aikacin da kotu ta yanka wa ya ƙi biya.

Abu na ƙarshe ga 'yan'uwana mata da iyayensu, don na ga yadda rashin saninsa ya jawo asara. A mazhabarmu, ciyarwar yaro ta lokacin da ya wuce tana faɗuwa daga kan uba, sai in alƙali ya riga ya yanka ta, ko kuma wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, ba kyauta ba. Mace takan yi shekara uku tana wankau da surfe tana ciyar da yara, tana jin kunyar a ce ta kai uban 'ya'yanta kotu, ranar da tura ta kai bango ta zo neman na baya, sai ta tarar hanya ta yi ƙunci. Kada a jira. Da an rabu a je a yanka ciyarwa a rubuce a gaban alƙali, ko da ana zaman lafiya da juna. In hakan bai samu ba, ta kira mutum biyu amintattu ta shaida musu cewa abin da take kashewa bashi ne a kan uban, ta riƙa adana rasit na makaranta da na magani. Kada ta dangwala yatsa a takardar da ba a karanta mata da Hausa ba, kuma ta karɓi kwafinta ta ajiye. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, suna sauraron irin waɗannan koke-koke. Wadda kuma ta riga ta sa hannu sannan ta gano an yaudare ta, ta tattara hujjarta ta koma, ta nace sai ta ga alƙali da kansa, in bai saurare ta ba ta ɗaukaka ƙara.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Tsohon magatakardan kotu,
daga Kano.